Wanda Rigar Ta Yi Wa Daidai

Jirgin ƙasa ya sauke mu a Ngaundare da hantsi, bayan ya gama tsaye-tsayensa a dajin da ba kowa. Ƙafafuna sun kumbura, wuyana ya ƙage, don tun daga Yawunde ban sauke ƙunshin da ke kan cinyata ba. Wata Bafulatana da muka zauna kujera ɗaya ta gaji da kallona, ta ce, "Malam, jariri ne a ciki?" Na ce mata riga ce. Ta dube ni, ta dubi ƙunshin, ta kau da kai. Daga nan ba ta ƙara yi mini magana ba.

A lokacin ina koyarwa a wata lekol ta firamare a Messa, cikin Yawunde, gidanmu kuma yana unguwar Briketeri, inda aka haife ni. Duk unguwa Metir Sale ake ce mini, wato Malam Sale a Faransanci. Ban taɓa taka Najeriya ba, ko da yake muna yara in faɗa ya haɗa mu da 'yan wata unguwa, can suke cewa mu koma.

Mahaifiyata, Inna, mutuniyar ƙasar Kano ce. Kafin mahaifina ya aure ta ya kawo ta Yawunde a zamanin da yake fataucin goro, ta taɓa yin aure a ƙauyensu, ta haifi ɗa namiji. Auren ya mutu, dangin uba suka riƙe yaron bayan yaye. Ba daga bakinta na ji wannan ba. Ƙawarta Gwaggo Ladi mai ƙosai ce ta gaya mini bayan rasuwar mahaifina, ita ma sunan ƙauyen kawai ta sani, Tsamiya Biyu. Da na tambaye ta sunan yaron sai ta riƙe haɓa ta ce, "Kai ma dai, Sale! Duk karatun naka? Ina ka taɓa jin mace ta kama sunan ɗan farinta?"

To amma na san wani abu. Ban da sunan mahaifina, akwai sunaye biyu da ba sa fita daga bakin Inna: Haruna da Isa. Haruna telan layinmu, Mai-keke take ce masa. Isa mai kawo mana itace, Ɗan Nkomkana, da sunan unguwarsu. Ko labarin annabawa take ba jikoki, in ta zo kansu sai ta ce ɗan'uwan Annabi Musa, ko ɗan Maryama. Ɗaya sunan mijin farko ne, ɗaya na ɗan, wannan ba sai an gaya mini ba. Na kuma lura in an ambaci Haruna sunkuyar da kai kawai take yi, amma in an ce Isa sai ta tashi ta bar wurin, ko da tuwo take tuƙawa. Sai na yi lissafina na malamin makaranta, na ce wanda ta fi gudu shi ne mijin da ya sake ta. Ke nan Haruna ne yayana.

Shekarar da nake ba da labarinta, yanar ido ta rufe wa Inna ido ɗaya, ta fara cin ɗayan. Sai ka matso dab da ita take gane fuskarka. Likita ya ce mana abin gaba yake yi. Da aka ba mu dogon hutu, wanda muke kira bakans, ta kira ni ɗakinta ta ce, "Wannan hutun naku da ba ya ƙarewa, zama za ka yi kana cika mana gida da hamma? Mutane suna zuwa ganin ƙasar iyayensu." Sannan ta jawo babbar riga shuɗiya daga ƙasan adaka, sabuwa fil, da aiki tun daga wuya har ƙirji. Ta ce, "Ka ba wanda ta yi wa daidai." Iyakar saƙon ke nan. Matata Dije ce ta gaya mini yadda aka yi awon. Inna ta tsayar da Mai-keke a bakin zaure, ta ɗaga hannu ta dafa wani wuri a jikin ƙyaure, ta ce masa kafaɗa nan take kaiwa. Na gane abin da ake so da ni. In nemo mutumin, in kawo shi gabanta tun idon nan ɗaya bai rufe ba.

Daga Ngaundare babbar mota muka hau, a saman buhunan masara. Damina ta zauna sosai. Gangaren dutsen da ake sauka kafin a kama hanyar Garwa, direba ya ce kowa ya sauka ya taka da ƙafa, don in motar ta ƙwace kada a ce shi ya kashe mu. A kowace gada akwai jandarma, kowane ɗaki da za a shigar da kai hoton shugaban ƙasa yana kallonka daga bango, su kuma tambayarsu ɗaya ce, ina za ka, wajen wa. In na ce wajen yayana, sai a ce yaya sunansa, a ina yake aiki. Na kan ce Haruna, manomi. Rabin amsar zato ce, amma na faɗe ta har ta zauna mini a baki.

A kan iyaka, wani ma'aikacin kwastan ya kwance ƙunshina, ya ɗaga rigar, ya kara ta a jikinsa. Na ga idonsa ya yi haske. Ya ce sabon kaya haja ce, haja kuma sai ta kwana a ofis an bincika. Na san in ta kwana ba za ta tashi ba. Wani tsoho mai fataucin kanwa da muka taho tare ya matso kusa da ni kamar zai tofar da yawu, ya ce ƙasa-ƙasa, "Sa ta a jikinka, yaro. Ba a karɓar rigar da ke wuyan mutum." Na fizge ta na zura. Ni gajere ne, ba abin ɓoyewa ba ne. Rigar ta sauka ta rufe mini ƙafafu, ta bar saura a ƙasa. Haka na ratsa tsakanin ƙasa biyu ina tattare ta da hannu biyu kamar mai tsallake rafi, 'yan kwastan suna riƙe ciki don dariya. Ɗaya ya ɗaga murya ya ce, "Ta gado ce, Malam?" Na wuce abina. Sai da muka kai Jimeta na wanke jan laka daga bakinta, na shanya a bakin kogi, na zauna ina gadi.

A Jimeta ne na fara sanin cewa Hausata ba Hausa ba ce a wurin masu ita. Na tambayi wani ina gar take, ya ce, "Ina me?" Da ƙyar muka gano tasha nake nufi. Kafin la'asar duk 'yan tasha sun san ni, Bafaranshe suke kirana. Wani ɗan kamasho mai fara'a ya karɓi jakata, ya nuna mini mota cike da mutane, ya ce Kano za ta, mutum ɗaya ake jira, ni ne kuwa. Ina zama sai na ga fasinjojin suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Ashe 'yan zaman cika ido ne. Motar ba ta cika da mutanen gaske ba sai da na san kowace mai abinci a tashar da sunanta. Da ta tashi kuma, a Gombe ta juye mu, direba ya rantse shi bai taɓa cewa Kano ba.

Ban san ina son Briketeri ba sai a hanyar nan. Unguwar da kullum nake ƙorafin kwatocinta da hayaniyarta, ita nake gani in na rufe ido. Hayaƙin masu tsire da yamma, ƙarar kekunan ɗinki tun daga bakin masallaci, soyayyar ayaba da Dije take ajiye mini a rufe. Na bar 'yata Ummi, mai sunan Inna, tana rarrafe. Duk yarinyar da na gani a bayan uwarta sai na bi ta da ido har su ɓace.

Tsamiya Biyu tana can arewa da Kano, tafiyar ƙafa daga inda mota take ajiye mutum. Rabin gidajen kango ne, don tun shekarun fari mutane suka watse. Na yi sallama a ƙofar mai unguwa, aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa. Bayan gaisuwa na ce daga Kamaru nake, Haruna nake nema.

"Haruna na gidan marina?" in ji mai unguwa.

Na ce ina jin shi ne.

Ya dubi na kusa da shi. Sannan ya ce, "Sai haƙuri, Malam. Haruna ya riga mu gidan gaskiya. Shekarar da farin ya fi tsanani ya tafi."

Aka raka ni maƙabarta, aka nuna mini wani tudu da ciyawa ta rufe. Na durƙusa na yi addu'a, sai kuka ya zo mini, kukan mutumin da ban taɓa gani ba. Gajiyar hanya ce ta haɗu da shi, na sani, amma na yi shi da gaske. Abin da ya fi damuna shi ne Inna. Ta yaya zan gaya mata mutuwar wanda ba ta taɓa gaya mini rayuwarsa ba? In mayar mata da rigar in ce ba ta yi wa kowa daidai ba?

Kafin in yanke shawara zazzaɓi ya kayar da ni. Aka kai ni gidan wata tsohuwa, Iya Tabawa, wadda ke zaune ita kaɗai da awakinta. Ita ta yi jinyata da kunun tsamiya da wani jiƙo mai ɗaci wanda har yau in na tuna sai bakina ya tara yawu. Ba ta tambaye ni komai ba sai ranar da na iya zama da kaina. Tana tsinke zogale a faifai ta ce, "Kai kuwa ɗan nan, me Haruna yake a wurinka da kake ta kiransa cikin zazzaɓi?"

Na ce, "Yayana ne, Iya. Uwarmu ɗaya."

Ta ajiye faifan. "Uwarku ɗaya da wa?"

"Da Haruna."

"Wace ce uwar taka?"

Ni ma sunan Inna ba ya yi mini sauƙi a baki. Na ce Kulu ake ce mata.

"Kulu ta gidan masaƙa? Wadda mai goro ya tafi da ita?" Ta tafa hannu, ta yi salati, sannan dariya ta kama ta har da tari. "Wayyo ni Tabawa! Yaro, shekarun Haruna nawa kake tsammani? Da haƙori ɗaya ya mutu a bakinsa! Mijin uwarka ka je ka yi wa kuka. Ɗanta ai Isa ne."

Na ji kunya, na ji daɗi, na rasa wanda zan fara ji. Na gaya mata lissafin da na yi, yadda Inna take tashi in an ce Isa. Dariyar ta tsaya. Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsinka, ta ce, "To don wa za ta tashi in ba don ɗanta ba? Miji ai in ya sake ka ya zama mutumin gari. Ranar da za ta bar garin nan, yaron yana wasa a ƙofar gida, ta wuce shi ko waiwaye ba ta yi ba, kowa yana yaba kunyarta. Ni na same ta a bayan rumbu ta cusa bakin zane a baki don kada a ji ta." Ta ce Isa yana raye, ya kwashe iyalinsa tun lokacin fari ya koma ƙasar Ningi neman gona. Da zan tafi ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli a tsumma, ta ce in gaya wa Kulu tsamiyar ɗaya ta faɗi.

Neman Isa a ƙasar Ningi ya ci mini abin da ya rage na ƙarfi da na takalmi. Kowane ƙauye akwai Isa, kowane Isa kuma akwai wanda ya san wani Isan a gaba. Daga baya na koyi cewa Isa Bakano, ɗan marina. Da haka aka nuna mini wata gona a gindin dutse, gero ya yi kai ya fi mutum tsawo. Na yi sallama. Geron ya buɗe, wani dogon mutum ya fito da fartanya a kafaɗa, furfura ta fara masa. Ban buƙaci tambaya ba. Goshin Inna ne, da yadda take ɗan karkata kai in tana sauraro.

Muka zauna a inuwa na faɗi ko ni wane ne. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba, bai kuma nuna murna ba. Ya ce, "Tana da rai ke nan."

Na ce tana nan, sai dai ido.

"Ita ta aiko ka?"

"Ba ta ce ba."

"Ta ambace ni?"

"Ba ta taɓa ba, Yaya."

"To me ta ce?"

Na kwance ƙunshin na miƙa masa. "Ta ce in ba wanda ta yi wa daidai."

Ya shafa aikin wuyan da bayan hannu, don tafinsa duk ƙasa ce. Na zaci zai gwada. Sai ya naɗe ta yadda take, da muka je gida ya sa ta cikin buhu ya rataye a rufin ɗaki. Ya sa matarsa ta dama mini fura, ya ba ni ɗakin babban ɗansa. Malam yake ce mini, kamar baƙon da ya zo sayen hatsi.

Washegari na ce masa ya kamata mu kama hanya. Ya nuna gonar da haɓa ya ce gero bai nuna ba. Na ce idon Inna ba zai jira gero ba, ni ma an kusa komawa makaranta, in ban koma ba aikina yana iya tafiya. Ya dube ni daga sama, don dole daga sama zai dube ni, ya ce, "Malam, kunya na san ta, ni ma ba na kiran sunan babban ɗana. Ban ce ta yi laifi ba. Amma ni tun ban san damana da haguna ba nake jira, ban mutu ba. In na bar geron nan tsuntsu ya cinye, yaran nan me za su ci? Mun taɓa cin dusa, ba za mu sake ba." Na so in yi fushi, na duba yaran, fushin ya ƙi zuwa.

Ina iya tafiyata, amma na san in na tafi ba zai biyo ni ba. Sai na zauna. Na kori tsuntsu, na yi yankan gero da hannun da bai saba da komai ba sai alli. Tafina ya yi ƙuraje, suka fashe, suka sake yi. Yaran gidan suna bina suna cewa in yi musu Faransanci su yi dariya. Kowace safiya na kan tuna yau ɗalibaina sun yi layi a filin lekol, wani yana tsaye a inda nake tsayawa. Kowace yamma na kan tuna idon Inna. Ban taɓa gajiya irin ta wannan zama ba, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Ranar da aka ɗaure damin ƙarshe aka kai rumbu, Yaya Isa ya sussuka sabon gero ya cika ƙaramin buhu, ya sauko da rigar daga rufi, ya ce, "Tashi mu je, Auta." Ranar ya fara kirana haka. Ban san wa ya gaya masa ni ne auta ba, wataƙila tsawona ya duba.

Komowar ba ta fi zuwan sauƙi ba, sai dai yanzu mu biyu ne. Ba shi da takardar komai, don haka a iyaka muka bi ta gonaki da wani mai jaki, ruwa har gwiwa. A wani rafi da ya cika ya ɗora buhun gero a ka, ya kama ni da hannu ɗaya ya tsallakar kamar ɗan akuya. A wurin jandarma kuwa ni ne babba, ni nake magana, shi yana tsaye a bayana ya sunkuyar da kai. Bai taɓa shiga jirgin ƙasa ba. Da muka bar Ngaundare daji ya fara rufewa, itatuwa suka haɗe sama, ya daɗe yana leƙe ta taga, sannan ya ce, "Mutanen nan ta ina suke ganin rana?" Can kuma, ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Tana da faɗa?" Na ce sosai. Ya gyaɗa kai kamar an ba shi labari mai daɗi.

Mun shiga Briketeri da safe ana yayyafi, jan laka tana kama takalmi. Unguwar tana nan yadda na bar ta, amma sai na ga layinmu ya ƙanƙance. Masu shago suna ɗaga hannu, "Metir! Mun ce ko Najeriya ta riƙe ka!" Na bar Yaya Isa a zaure na shiga. Ummi tana tsaye a tsakar gida da ƙafafunta, tana tafiya. Na miƙa hannu, ta dube ni, baƙi, rama, gemu buzu-buzu, ta ƙwalla ƙara ta ruga bayan uwarta. Dije ta rame. Ta yi mini sannu da zuwa, ta karɓi jaka, kuma tun ban zauna ba ta fara: direktan makarantarmu ya aiko har ya gaji ya zo da kansa, an ba wani ajina, rufin ɗakinmu yana yoyo, ta jera kwanoni. Na ce duk za a gyara. Na ce, "Inna fa?"

Ta sauke murya. "Malam, ɗaya idon ma ya rufe. An kwana biyu. Ranar ta ce mini in kunna fitila, rana tana tsaka."

Na zauna a kan turmi. Duk laka da zazzaɓi da yankan gero, ga abin da na zo na tarar. Na yi latti. Na daɗe a wurin kafin na iya tashi na koma zaure in gaya masa.

Na same shi ya sa rigar. Rigar da na ja a ƙasa a kan iyaka, shi da ƙyar ta wuce masa gwiwa, ƙwaurinsa duk a waje, ga faso a dugadugai. Na gaya masa abin da Dije ta ce. Ya gyara wuyan rigar, ya ce, "Mu shiga."

Inna tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, da carbi. Na durƙusa na gaishe ta. Ta shafa kaina ta ce, "Sale, ka dawo? Ka rame, wuyanka kamar na zakara. Ba sa ba mutane abinci a can?" Na ce Iya Tabawa tana gaishe ta, ta ce tsamiyar ɗaya ta faɗi. Carbin ya tsaya a hannunta. Sai Yaya Isa ya yi sallama daga bayana, ya durƙusa nesa kaɗan, ya ce, "Ina kwana."

Ba ta amsa ba. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya wajen bango. Ta ce, "Dije, a kai wa baƙon Sale ruwa."

Na san al'ada, a cikinta na tashi, amma wallahi a wannan lokacin raina ya ɓaci. Na dubi Yaya Isa. Shi ko a jikinsa, kansa a ƙasa, yana kallon tabarma. Dije ta kawo ruwa ya sha. Na ce an kawo sabon gero daga gonar baƙon. Inna ta ce wa bango, "An gode."

Can ta ce, "Sale."

"Na'am, Inna."

"Rigar nan, ta yi wa wani daidai?"

"Ga ta a jikin mai ita."

"Mai-keke ba shi da amana wajen kalmasa. A matso da bakinta in ji ko ya yi mini ha'inci."

Na yi masa alama. Ya miƙe, ya tako, ya tsaya a gabanta. Ta miƙa hannu ƙasa, wajen idon sawu, inda ta san bakin riga yake tsayawa. Ba riga a wurin. Hannunta ya sauka a kan ƙafarsa. Ta taɓa fason dugadugin, ta bi ƙwaurin a hankali tana hawa, har ta kai gwiwa, nan ta sami bakin rigar. Ta kama shi. Ba ta duba kalmasar ba. Na ga mayafin yana rawa.

Ta ce, "Sale, ya fi ubansa tsawo."

Yaya Isa ya juyo. Ya yi gyaran murya, ya dube ni, idonsa jawur.

"Auta, gaya mata ta yi mini daidai."

Ban gaya mata ba, don ta riga ta ji. Fuskarta tana wajen bango, hannunta yana riƙe da bakin rigar, shi kuma yana tsaye bai motsa ba. Dije ta ɗauki buhun geron ta nufi turmi, ni na ɗauki Ummi, wadda ta gaji da gudu, muka ba su wuri.